Babu wanda ya taɓa ni a filin

Shekara goma ke nan da ɗoriya ba na iya zaman tahiya kamar sauran mutane. In an kai raka'a biyu an zauna, ni sai in miƙe ƙafar dama gefe, shi ya sa kullum nake neman ƙarshen sahu ta jikin bango don kada in takura wa na kusa da ni. Yaran da suka taso yanzu a garinmu sun ɗauka haka aka haife ni. Manya kuwa sun san wannan ƙafar ce ta fitar da ni daga ƙauyenmu na bakin kogin Haɗejiya ta kai ni ƙungiyar da ke buga gasar ƙwararru ta ƙasa, ita ce kuma ta dawo da ni gida ina dogara sanda. Har gobe akwai masu cewa jifa aka yi mini. Ni dai na san abin da ya faru, kuma shi nake so in faɗa.

Da tamaular tsumma na fara, a filin bayan firamare, ba takalmi, ƙaya na sukanmu muna cirewa muna ci gaba. Babanmu manomin shinkafa ne, da rani kuma ya yi alkama da tattasai a fadama, saboda haka sai na gama ban ruwa ake bari in je fili bayan la'asar. Lamba shida nake bugawa. A lokacin duk yaron da ke taɓa ƙwallo a ƙasar Kano da Jigawa hankalinsa na kan Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, ta zo ta ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Mun kuma ga yadda Ahmed Musa ya zuba ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars, kafin a ce kwabo ya wuce Holand. Kowannenmu ya sa a ransa shi ne na gaba.

Daga gasar ƙaramar hukuma wani ya gan ni ya kai ni gwaji wata ƙungiya a wata jihar ta Arewa. Ba zan kama sunanta ba. Mu fi ɗari muka je, aka ɗauki 'yan kaɗan, ina ciki. Albashina na farko na saya wa Inna turmin atamfa, Baba kuma buhun taki biyu. Ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya ce, "To, tun da Allah ya sa abincinka a can yake, ka riƙe salla, ka kuma kula da jikinka." Rabin maganar na riƙe. Ɗaya rabin ban ma san yadda ake yin sa ba, kuma a inda na je babu wanda ya sani.

Masu kula da mu huɗu ne: Koci, mataimakinsa, mai horar da gola, sai wani bawan Allah da kowa ke kira Dokta. Ina so a fahimce ni, mutumin kirki ne. Shi ke tashinmu sallar asuba a sansani, shi ke ranta wa yaro kuɗin mota in albashi ya makale. Amma bai taɓa karanta aikin lafiya ba, tausa ya iya, kuma ta hannun wani ɗan uwansa da ke cikin shugabannin ƙungiyar ya samu aikin. Na san abin da ke cikin jakarsa kamar yadda na san aljihuna: man zafi, bandeji, gwangwanin feshin sanyi, almakashi, da ƙwayoyin kashe zafi a cikin wata robar alawa. Ko ciwon kai ne, ko targaɗe, ko tsagewar nama, daga wannan jakar maganin zai fito.

Mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa kuwa babu shi sam. Mataimakin Koci ne ke riƙe da wannan, kuma a wurinsa tirenin shi ne wahala. Zagaye fili da tsakar rana, tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, hawa da sauka a matakalar 'yan kallo. Yakan ce wanda bai yi amai ba bai yi komai ba. In an ci mu ranar Lahadi, Litinin da safe horo ne, ba hutu ba. Ga tafiya. In wasanmu a Kudu yake, sai mu wuni mu kwana a cikin bas gwiwoyi a lanƙwashe, mu sauka ƙafa a kumbure, washegari mu buga minti casa'in, mu sake hawa mota don akwai wani wasan ranar Laraba. Babu mai rubuta wane ya buga minti nawa a wannan watan, wane ne cinyarsa ke ja. Ni kaina na yi sati uku ina jin bayan cinyata ta dama na ɗaurewa in na ɗauki gudu. Na gaya wa Dokta, ya murza mini man zafi ya ce tsamin jiki ne.

Ranar da abin ya faru a gida muke wasa, cikin hunturu, filin ya bushe ƙamas kamar daɓen ɗaki. An dawo daga hutun rabin lokaci ba da daɗewa ba. Aka ɗago ƙwallo ta wuce ta samana, na kafa ƙafar dama zan juya in bi ta. Haƙoran takalmin suka riƙe ƙasa, jikina ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Na ji ƙara a cikin gwiwar, ɗas, kamar an tsinke igiyar guga. Ɗan wasan da ya fi kusa da ni ya kai taku uku tsakaninmu. Alƙalin wasa ma bai busa ba, don babu ƙetar da aka yi.

Dokta ya rugo ya fesa mini abin sanyin nan, ya kama hannuna ya ce, "Tashi, taka mu gani." Na taka. Sai na ji ƙwaurina ya zame daga ƙarƙashin cinyata kamar ƙyauren da ƙusarsa ta fita. Aka fitar da ni. Kafin isha'i gwiwar ta kumbura ta yi kamar kabewa, ƙoƙon ma ba a ganinsa. Da safe aka kai ni aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Kowa ya yi hamdala, har da ni. Dokta ya ce targaɗe ne, ya sa aka dafa ruwa, ya riƙa gasa mini da tawul yana murzawa da ƙarfi safe da yamma, ina cizon filo. Sai daga baya na san cewa a kwanakin farko ƙanƙara ake sawa, a ɗaure, a ɗaga ƙafar sama a bar ta ta huta, kuma hoton ƙashi ba ya nuna jijiya ko kaɗan.

Abin da ya cuce ni shi ne ciwon nan yana da yaudara. Bayan sati uku kumburin ya saɓe, ina tafiya ba ɗingishi, in na miƙe sak ina iya gudu. Wata ranar Alhamis Koci ya same ni a bakin fili ya dafa kafaɗata.

"Yaro, ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Koci."

"Madalla. Ranar Lahadi ina buƙatarka. Ka dai san akwai yara uku da ke jiran rigar nan taka."

Na sani. Na kuma san ladan wasa sai wanda sunansa ya shiga takarda ake ba, ga albashi an yi wata biyu ba a biya ba, ga ƙanwata ana shirin bikinta na yi alƙawarin gado da katifa. Ban gaya masa cewa ko a banɗaki in na juya da sauri gwiwar na nema ta kuɓuce ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma shekarata ashirin da ɗaya, kuma a duk ƙungiyar babu mutum ɗaya da ke da ilimi da iko ya tsaya tsakanina da Koci ya ce wannan yaron ba zai buga ba. Koci maki uku yake nema, shi ma kujerarsa rawa take yi. Ni abinci nake nema. Wanda ya kamata ya nemi lafiyar gwiwar shi ne babu.

Ranar Lahadin, a ɗakin canza kaya, aka yi mini allurar kashe zafi, aka naɗe gwiwar da bandeji tam. Ban kai hutun rabin lokaci ba. Na yi tsalle zan sa kai, da na dira sai ta sake zamewa, wannan karon kuma ta ƙulle, ba ta miƙewa ba ta lanƙwashewa. Daga ranar ban ƙara buga wasan gasa ba. Na ƙarasa kakar a benci da kan katifa, da aka zo sabunta kwantiragi aka ce in je gida in warke, za a neme ni. Sauran kuɗina ma sai da na yi ta sintiri kafin in samu wani abu a ciki.

A gida kuma wani sabon babi ne. Da mutane suka ji cewa babu wanda ya taɓa ni, sai magana ta tashi. Yaya za a ce saurayi majiyi ƙarfi ya faɗi shi kaɗai a fili in ba hannu aka sa masa ba? Wasu suka ce abokan wasana ne masu neman rigata, wasu suka ce daga nan cikin gari ne. Inna ta sayar da awakinta biyu. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi, wanzami ya kafa mini ƙaho a gwiwar. Ban taɓa ganin laifinta ba, uwa ce, abin da hannunta ya kai ta yi. Da daddare nakan ji ta a bakin ƙofar ɗakina tana tambaya a hankali, "Ɗan nan, ka yi barci?" Sai in yi shiru don kada ta ji muryata.

Wanda ya fara gaya mini gaskiya wani tsohon maɗori ne a wani ƙauye gaba da mu, wanda ya gaji ɗori iyaye da kakanni. Yayana ya kai ni a kan babur. Tsohon ya sa na zauna a tabarma, ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga idon sawu har cinya, ya jujjuya gwiwar a hankali, ya yi shiru. Can ya ce, "Samari, ƙashinka lafiya lau. Abin da ya lalace yana can ciki inda hannuna ba ya kaiwa. In na ɗaure ka na ci kuɗinka ne kawai. Ku tafi Dala." Ko sisi bai karɓa ba. Na sha tuna wannan tsohon. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san iyakar saninsa, abin da ban samu ba a ƙungiyar da ake kira ta ƙwararru.

A Asibitin Ƙashi na Dala, bayan likita ya gan ni, aka haɗa ni da wani ma'aikacin gashin ƙashi, matashi, bai fi ni da shekara shida ba. Ya kwantar da ni rigingine, ya ɗan lanƙwasa gwiwar kaɗan, ya riƙe cinyata da hannu ɗaya, ya ja ƙwaurin gaba da ɗaya hannun. Da idona na ga ƙwaurin ya taho gaba ba abin da ya tare shi. Ya yi wa ta hagu haka, ta tsaya cak. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba, kuma ba na'ura, hannu ne kawai.

"Malam, tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wa ya duba ka ranar da abin ya faru?"

Na ba shi labari. Bai zagi kowa ba, ya dai girgiza kai, ya ɗauko takarda ya zana mini gwiwa. Ya ce a tsakiyarta akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, ta gaban ita ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, ita ce ta tsinke mini tun ranar farko, ƙarar da na ji ke nan, kumburin gaggawar nan kuma jini ne ya taru a cikin gaɓar. Ya ce mafi yawan masu tsinka wannan jijiyar babu wanda ke taɓa su, wajen juyawa ne ko dira daga tsalle, musamman in naman cinya ya gaji. Da na ji haka sai da na ce ya maimaita, don in kai wa Inna maganar yadda take. Sannan ya nuna mini wani guringuntsi mai kama da jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan biyu kamar matashi. Hoton MRI, wato na na'urar da ke nuna jijiya da guringuntsi, da aka yi daga baya ya tabbatar da zatonsa: wannan ya yage, kuma ga dukkan alama a wasa na biyu ne, ranar da gwiwar ta ƙulle. Jijiyar ba ta cika haɗewa da kanta ba, amma ana yin tiyata a ɗebo wata daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa, mutum ya yi wajen wata tara yana gashi da motsa jiki, da yawa kuma su koma fili. Guringuntsin da ya ragargaje shi ne ba ya komawa yadda yake. Wato ciwon farko yana da magani. Sati ukun da suka biyo baya da allurar ranar Lahadi su suka kashe mini ƙwallo.

Kuɗin aikin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Ban ce wa Baba komai ba, amma yayana ya gaya masa. Ranar kasuwa ya kora shanun huɗarsa biyu, waɗanda ya yi shekara huɗu yana kiwo, ya dawo da igiya a hannu. Damina biyu da suka biyo baya da haya muka yi huɗa. Aka yi aikin a Kano, na yi watanni ina zuwa gashi, ina kwana a shagon wani ɗan garinmu. Wannan matashin ya koya mini tafiya kamar yaro, daga matse cinya a kwance, zuwa ɗaga ƙafa, zuwa tsayuwa da ƙafa ɗaya. Kullum sai ya auna kaurin cinyar da tef ya rubuta. Bai taɓa yi mini ƙarya cewa zan koma gasa ba. Ya ce burinsa in yi noma, in hau babur, in ɗauki ɗana. Duk na yi, alhamdu lillahi. Durƙuso a cikin shinkafa ne dai har yau sai da dabara, kuma in sanyi ya shigo gwiwar kan riga kowa sani.

Yanzu nakan je gidan kallon ƙwallo na garinmu, kuma abin da nake kallo daban ne da na sauran. Lokacin da Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinka irin jijiyata a wasansu da Everton a Oktoban 2020, bai sake buga wasan gasa ba sai Agustan 2021. Ƙungiyarsa ta sha wuya a wannan kakar, amma ba wanda ya yi masa allura ya tura shi fili, ya kuma dawo ya ci gaba da wasansa. Ronaldo na Brazil ya ji ciwo a gwiwa a ƙarshen 1999, ya dawo a Afrilun 2000, bai yi minti goma a fili ba ta sake tsinkewa. Aka yi haƙuri da shi kusan shekara biyu, sai ga shi ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Namu Nwankwo Kanu, bayan zinaren Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan ne suka gano matsala a zuciyarsa wajen gwajin lafiya, aka yi masa aiki a Amurka, ya zo ya yi shekaru yana wasa a Arsenal. Ni ranar da aka ɗauke ni, gwajin lafiyar da aka yi mini shi ne tambaya ɗaya: kana da wani ciwo? Kuma ranar da Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi a Kofanhegan a Yunin 2021, ma'aikatan lafiya suka farfaɗo da zuciyarsa a cikin fili da na'ura, wani dattijo da ke kusa da ni ya tuna mana da Samuel Okwaraji, ɗan wasan Najeriya, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Rai na Allah ne, babu mai ja. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji 'yan kallo na zagin ɗan wasa wai raggo ne, kullum yana jinya. In ka ga ƙungiya 'yan wasanta biyar ko shida na fama da ciwon bayan cinya a lokaci ɗaya, ko mutum ya dawo sati biyu ya sake kwanciya da ciwon da ya tashi daga gare shi, kada ka tsaya kan yaran. Ka tambaya wa ke tsara musu tirenin, wa ke cewa wane ya warke, kuma in ya ce a'a, ana jin maganarsa? Ƙungiyoyinmu na iya kashe kuɗi wajen sayen ɗan gaba, amma albashin ƙwararren mai gashin ƙashi guda ɗaya sai ya zama abin ja-in-ja, alhali Jami'ar Bayero da ke nan Kano tana yaye su.

Ranar da aka sallame ni daga gashi, matashin nan ya ba ni wasu takardu da ya buga. Tsarin ɗumama jiki ne na FIFA da aka tsara a 2006, ana ce masa 11+. Minti ashirin ne, ba ya buƙatar komai sai fili da abokin yi. Binciken da aka yi a Norwe aka wallafa a 2008 ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da waɗannan takardun nake horar da yara wajen talatin a filin bayan firamaren da na fara. Kafin a taɓa ƙwallo sai an yi su. Akwai wanda yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa dugadugai, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali yana riƙe kansa da naman bayan cinya. Akwai na koyon dira, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tana saitin yatsun ƙafa, ba ta faɗa ciki ba. Da farko sun ƙi, suna cewa wannan ba ƙwallo ba ce. Sai na naɗe wandona na nuna musu tabon.

Watan jiya wani yarona mai buga lamba tara, ɗan shekara goma sha shida, ya juya shi kaɗai ya faɗi yana riƙe da gwiwa. Na aika a sayo ƙanƙara wurin mai sayar da lemo, na ɗaure, na sa aka ɗauke shi zuwa gida ba tare da ya taka ba. Kwana goma bayan nan kumburin ya sauka, ga wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙauyukanmu ya matso. Mahaifinsa ya same ni a gona.

"Malam, yaron nan fa ya warke, jiya ma har kasuwa ya je da ƙafarsa. An ce masu ɗaukar 'yan wasa za su zo daga Dutse."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zai buga ba sai wanda ya san aikin ya duba shi."

Bai ji daɗi ba, ya tafi ko sallama babu. Aka buga wasan babu yaron, aka ci mu ɗaya da nema. Washegari da sassafe ina ɗaura buhu a babur sai ga Alhajin da yaron a ƙofar gidanmu, ya sa sabuwar riga, da 'yar leda a hannunsa. Na sauke buhun, muka nufi tasha.